Amanar Ɗalibi A Birnin Da Ba A San Shi Ba

 

Wanda duk ya taso daga garin Gwarzo ya nufi birnin Kano, to zai ratsa ƙasar Kabo da ta Rimin Gado, ya wuce ta ƙofar sabon mazaunin Jami'ar Bayero, sa'an nan ya shiga gari. Mutanen wannan yanki sun daɗe da sanin hanyar nan a kan ita ce ta fatauci da ta aikin Hajji, balle tun da marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano, ya kafa kamfanin jiragen sama mai sunan Kabo a shekarar 1980, wanda ya yi ta jigilar alhazai zuwa ƙasa mai tsarki. Amma akwai waɗansu matafiyan da ke bin ta, watau ɗalibai masu fita neman ilmi a manyan biranen duniya, irin su Alƙahira da Landan da Delhi. A kansu ne gardama kan tashi a zauruka da ƙofofin masallatai. Wannan dattijo ya ce tafiya mabuɗin ilmi ce, wancan ya ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ga kuwa uban yaro a tsakiya, takardar gayyata a hannu, ya rasa wanda zai bi.

Fitar nan iri-iri ce. Akwai ta digiri, kamar yadda gwamnatin Jihar Kano ta tura ɗalibai 501 ƙasashen waje a shekarar 2012, ta kuma sake buɗe irin wannan ƙofa a shekarar 2023 ga ɗalibai 1,001, aka tura su Indiya da Uganda. Akwai kuma wadda ake kira musayar ɗalibai, inda yaro kan je ya yi zango guda ko shekara guda a wata makaranta ta waje, sa'an nan ya dawo ya ƙarasa karatunsa a gida. Misalinta shi ne shirin YES wanda majalisar dokokin Amurka ta kafa a shekarar 2002 domin 'yan sakandare daga ƙasashen da Musulmi ke da yawa, Nijeriya na cikinsu, aka riƙa sauke yara a gidajen iyalan Amurkawa. Kalmar musaya kuwa kalma ce ta kasuwa, kuma kowane ɗan kasuwar Getso ya san ba a musaya sai an ba da wani abu an karɓi wani. Abin tambaya a nan shi ne, me ɗalibi zai bayar, me zai karɓo, kuma mene ne uwar kuɗin da bai kamata ya taɓa ba?

Asalin tafiya neman ilmi dai ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Suratul Kahfi ta ba da labarin Annabi Musa, alaihis salam, yadda ya yi doguwar tafiya har ya gaji, domin ya koyi abin da bai sani ba a wurin wani bawan Allah. Imamu Buhari ya ambata cewa Sahabi Jabir ɗan Abdullahi ya yi tafiyar wata guda cur saboda Hadisi ɗaya. Har ila yau Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya umarci Zaidu ɗan Sabit da ya koyi rubutun Yahudawa, ya koya, ya riƙa karanta masa wasiƙunsu. Amma maganar nan da ta cika bakin jama'a, ta neman ilmi ko da a birnin Sin, malaman Hadisi da yawa sun ce ba ta inganta daga Annabi ba, kuma ga waɗannan hujjoji ba a bukatar jingina da ita.

Magabatan ƙasashen nan ma sun taka wannan hanya. Tun a ƙarni na 13 na Miladiyya mutanen Kanem suka gina makarantar Ibn Rashiƙ a Alƙahira domin ɗalibansu da alhazansu, daga baya kuma mutanen Barno suka sami masaukinsu a masallacin Azhar. Malam Muhammadu al-Kashinawi, mutumin Katsina, masanin lissafi da falaki, ya zauna a Alƙahira har ya rasu a wajajen 1741 a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti. A zamanin Turawa, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya je Jami'ar Landan a 1945, Malam Aminu Kano ya bi bayansa a 1946, Shaihu Abubakar Gumi kuwa ya yi karatu a Bakhtar Ruda ta ƙasar Sudan a tsakiyar shekarun 1950. Filin jirgin saman da ɗaliban Kano ke tashi daga cikinsa sunan Malam Aminu ke kansa.

To, amma masu tsoro su ma suna da hujjarsu, kuma ba ta da rauni. A cikin Risala, littafin nan da ake karantawa a makarantun zaure na Gwarzo da Kabo kamar sauran ƙasar Hausa, Ibn Abi Zaidin al-Ƙairawani ya ambaci karhancin tafiya fatauci zuwa ƙasar abokan gāba. Sai dai mai lura zai ga a wuri ɗaya ya haɗa da ƙasar Sudan, watau ƙasashen baƙar fata da ke kudu da Sahara, waɗanda ƙasar Hausa ke cikinsu. Malamin ya rasu a shekarar 996, lokacin da Musulunci bai kafu a nan ba, kuma ɗan kasuwar Ƙairawan da ya keto hamada yana iya rasa masallaci da alƙali da abokin tunasarwa. Yanzu kuwa babu mai cewa makaruhi ne a zo Kano fatauci. Wannan ya nuna hukuncin yana rataye ne da dalilinsa, watau tsoron kada addinin mutum ya salwanta, ko a tilasta masa abin da Shari'a ta hana. Inda dalilin ya tabbata hukunci ya tabbata, ko da sunan garin na Musulmi ne. Inda ya kau, hukunci ya kau.

A nan ne ya kamata a tsaya a yi tunani a kan abin da babban birni ke yi wa mutum. Yaron da ya tashi a Garo ko Lakwaya yana cikin ganuwar da ba ya gani. In bai fito sallar Asuba ba liman zai tambayi mahaifinsa, in an gan shi a inda bai dace ba labari zai riga shi zuwa gida. Kowane dattijo a unguwa ubansa ne. Ran da ya sauka a birnin da mutane miliyoyi ke kai da kawowa, ba wanda ya san sunan kakansa, sai ganuwar nan ta rushe a dare ɗaya. Daga nan ne zai gane ko abin da ya tsare shi a gida tsoron Allah ne ko kuwa tsoron idon jama'a. Kunyar mutane abu ne mai kyau, amma ba ta shiga jirgi da matafiyi. Abin da ke binsa shi ne sanin cewa Allah Yana ganinsa, wanda malamai ke kira ihsani. Annabi Yusufu, alaihis salam, baƙo ne a Masar, nesa da mahaifinsa, an kulle ƙofofi, babu ɗan garinsu ko ɗaya, duk da haka ya tsare kansa. Saboda haka sau da yawa birni tona abin da ke cikin mutum yake yi, mai kyau ko akasinsa.

Wannan ba ya nufin a saki jiki, domin zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma ɗan shekara 16 ba ɗaya yake da magidanci ɗan shekara 30 ba. Wajibi ne iyaye su duba shirin yaronsu kafin su duba bizarsa. Ya san farillan alwala da salla? Ya san cewa a mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana 4 cikakku a gari ya fita daga hukuncin matafiyi, saboda haka ɗalibin shekara guda ba shi da ƙasaru? An gaya masa cewa a shekarun 2015 zuwa 2017, da azumi ya faɗo cikin watan Yuni, Musulmin Landan sun yi azumin awa 18 ko fiye, alhali na Kano wajen awa 14 ne? Ya san abin da Suratul Ma'ida ta halatta na abincin Ma'abuta Littafi, da abin da ta haramta kamar naman alade da giya? Wanda ya fita da wannan guzuri ya fita da uwar kuɗinsa a ɗaure. Wanda kuwa aka tura hannu rabbana, to laifin ɓatansa ba na birni kaɗai ba ne.

Bayan haƙƙin Allah sai haƙƙin masu masauki, wanda ɗalibai da yawa kan manta da shi. Malaman Fiƙihu sun bayyana cewa Musulmin da ya shiga wata ƙasa da amincin mutanenta, haram ne ya yaudare su a dukiya ko a jini, kuma da yawa daga malaman zamani sun ɗauki biza a matsayin irin wannan alkawari. Wanda ya sa hannu cewa shekara guda zai yi, sa'an nan ya ɓace cikin gari, ko ya yi satar amsa a jarrabawa, ko ya ci bashi ya gudu, ya saɓa alkawari, kuma ya rufe ƙofa ga na bayansa. Abin koyi a nan shi ne Ja'afar ɗan Abu Ɗalib da 'yan'uwansa, waɗanda suka zauna fiye da shekara 10 a Habasha ƙarƙashin Sarki Najjashi, ba su dawo ba sai a shekara ta 7 bayan Hijira, lokacin buɗe Haibara. Da aka tambaye su abin da suka yi imani da shi game da Annabi Isa, alaihis salam, sun faɗi gaskiya da ladabi, ba su ɓoye ba, ba su kuma ci mutuncin kowa ba. Hausawa kan ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura. Maganar ta yi daidai a kan gaisuwa da bin layi da kiyaye lokaci da tsabtar titi, amma ba ta kai ga aƙida ba. Iyalin da suka sauke ɗalibin musaya watakila shi ne Musulmi na farko da suka taɓa cin abinci tare da shi, kuma da halinsa za su auna addininsa da ƙasarsa. Abin da yake bayarwa ke nan a cikin musayar, ko ya sani ko bai sani ba.

Haƙƙi na ƙarshe shi ne na waɗanda suka tura shi. Aya ta 122 a Suratut Tauba ta nuna cewa ba dukan jama'a ke fita ba, wani sashe ne daga kowace ƙungiya, domin a sami masu fahimtar addini waɗanda za su gargaɗi mutanensu. Malamai sun kafa hujja da ita cewa neman ilmin da al'umma ke bukata farilla ce ta kifaya, kuma sun sa likitanci da lissafi a cikin wannan babi. Mai sauke farillar kifaya kuwa wakili ne, kuma wakili ba ya riƙe saƙo. Kuɗin da gwamnati ta biya wa ɗalibi dukiyar jama'a ce, har da rabon manomin Kutama da bai taɓa shiga aji ba. Wanda iyayensa suka sayar da gona ko shanu saboda shi, bashinsa ya fi haka nauyi. Idan ya koyo aikin likita ko na noman rani, to majinyatan Gwarzo da manoman Kabo suna da haƙƙi a cikin abin da ya koyo.

Gaskiya ne ba duk wanda ya zauna a waje ne maci amana ba. Al-Kashinawi bai dawo Katsina ba, amma littattafansa sun amfani duniya. Akwai kuma wanda ya dawo da takardarsa ya yi shekaru bai sami aikin da zai yi da ita ba, sai ya koma. Irin wannan a yi masa uzuri, matuƙar bai karya wata yarjejeniya da ya sa wa hannu ba, kuma bai yanke zumunci da taimako ba. Wanda ba shi da uzuri shi ne wanda ya dawo da jikinsa amma ya bar ladabinsa a can, yana yi wa tuwon mahaifiyarsa kallon raini, yana gyara wa dattawa magana a bainar jama'a. Wannan ya yi musayar hasara, ya ba da uwar kuɗi ya karɓo kwalliya.

Su ma masu turawa akwai amana a wuyansu. Ba daidai ba ne a kai yaro ƙasar da ba shi da kowa, sa'an nan a jinkirta masa kuɗin makaranta da na abinci, domin yunwa da bashi kan tura mai kirki inda bai yi niyya ba. Kuma dole ne a san halin ƙasar da za a je. Da yaƙi ya ɓarke a Yukren ran 24 ga Fabrairu 2022, ɗaliban Nijeriya sun yi ta gudu zuwa kan iyakokin Polan da Romaniya cikin tsananin sanyi. Da faɗa ya tashi a Hartum ran 15 ga Afrilu 2023, a motocin safa aka kwashe ɗalibai aka keta hamada da su zuwa iyakar Masar, waɗansu kuma zuwa gaɓar Bahar Maliya. Iyayen da suka san inda ɗansu yake kwana, da wanda za a kira in ta ɓaci, sun fi waɗanda suka tsaya ga addu'ar ban kwana kawai, domin tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi.

Saboda haka uban nan mai takarda a hannu ba sai ya zaɓi ɗayan dattawan biyu ya bar ɗayan ba. Ya dubi ɗansa, ya dubi garin da za shi, ya dubi abin da zai koyo. In yaron ya san addininsa gwargwadon abin da zai tsare kansa, garin yana da aminci, ilmin kuma mai amfani ne, to ya sa masa albarka, ya tuna masa cewa Ubangijin da ake bauta wa a masallacin unguwarsu Shi ne Ubangijin birnin da za shi. In ɗaya daga ciki ya gaza, jinkirin shekara guda ba asara ba ce, ga Jami'ar Bayero a bakin hanya.

Allah Ya tsare matafiya, Ya ba su ilmi mai amfani, Ya dawo da su ga iyayensu lafiya, Ya sa jama'a su ci moriyar abin da suka koyo. Amin.