Albashin Wanda Ya Tafi Bai Yi Sallama Ba

Ma'aikaci ya bar aiki bai yi sallama ba, bai maido makulli ba, bai sa hannu a takardar komai ba. Kuɗin kwanakin da ya yi aiki suna hannun maigida. Na wane ne? Duk lokacin da na kawo wannan tambaya a shirina na rediyo, masu kira sukan rabu biyu. Iyayen gida su ce wanda ya raina aiki ya yafe ladansa. Ma'aikata su ce gumi ba ya faɗuwa banza.

Ni a ganina bashi biyu ne a nan, fushi ne ke sa a cakuɗa su.

A ɗauki misalin mai gadi da ke karɓar jaka 45 a wata. Ya yi kwana 20 ya ɓace. Jaka 30 nasa ne, domin ya kwana a ƙofa cikin sanyi, kuma ba a iya maido masa waɗannan darare. Wannan bashi na farko ke nan, yana wuyan maigida.

Na biyu yana wuyan mai gadin. In ya ci bashin jaka 10, ko ya tafi da wayar aiki, dole ya biya. Tafiyar ba zata ma cuta ce, don an bar shago babu tsaro. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta wajabta wa ɓangarorin biyu sanarwa kafin rabuwa, kuma akwai diyya a kan wanda ya saɓa. Saboda haka maigida yana da abin cewa.

Inda nake tsayawa shi ne wa zai yanke hukunci. Maigidan da ya riƙe albashi gaba ɗaya ya zama mai ƙara, ya zama alƙali, ya zama mai karɓar tara, don kawai kuɗin a aljihunsa suke. Da a hannun mai gadin suke, da maigida ne zai fara neman a zauna a yi lissafi. In an kasa daidaitawa, ofishin sufeton ƙwadago don haka aka kafa shi.

Kuma kafin a kira mutum maci amana, a tambayi dalili. Wani mahaifiyarsa ce ta kwanta ciwo a ƙauye. Wani an yi wata uku ba a biya shi ba. Laifi tudu ne, mutum ya taka nasa ya hango na wani.

Abin da ya dace: a rubuta haƙƙinsa, a rubuta abin da ake binsa, a aika masa lissafin ta waya ko ta hannun wanda ya kawo shi aikin. Ragowar a ajiye ta amana, ko da za ta shekara. Malamanmu sun sha tunatar da mu tsananin da Musulunci ya yi a kan haƙƙin ɗan ƙwadago, kuma ban taɓa jin sun ce rashin sallama yana halatta guminsa ba.