Fara ce ko baƙa?



Idan aka ce wane ya samu matar aure, sau da yawa tambayar da ke fara fitowa daga bakinmu ita ce, "Fara ce?" Addininta da tarbiyyarta sai daga baya. Idan haihuwa aka yi kuwa, har kunnen jariri ake dubawa, wai a gane ko zai yi duhu.

Wannan cuta ta daɗe a tsakanin baƙar fata, ba a nan kaɗai ba. A Amurka an yi ƙungiyoyin baƙaƙe da ke gwada fatar mutum da jakar takarda mai ruwan ƙasa, wanda ya fi ta duhu ba ya shiga. A Jamhuriyar Dominika, shugaba Trujillo yakan shafa hoda don ya yi haske, alhali kakarsa jinin Haiti ce. A 1937 ya sa sojojinsa suka kashe dubban 'yan Haiti a bakin iyaka. Mu da ke zaune a Kudu ai mun san zafin raini, tunda mun ji yadda ake furta "aboki" da gatse. To, don me za mu koma gida mu yi wa namu haka?

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mutum ya zo wa Annabi (SAW) yana shakkar ɗansa saboda an haife shi baƙi. Annabi ya tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye ne. Ko akwai mai ruwan toka a ciki? Ya ce akwai, wataƙila can a kakanni ya gado. Sai Annabi ya nuna masa cewa ɗan ma haka ne, bai ba shi damar kore shi ba. A Suratur Rum, aya ta 22, Allah Ya lissafa bambancin launukanmu cikin ayoyinSa. Wanda ya kushe launi, aikin wa ya kushe?

Yarinyar da ta taso tana jin ana yabon ƙanwarta "fara tas", ita ce gobe za ta zo kantinmu neman man bilicin. Mu muka karya mata zuciya, mu kuma muke cin ribar! Wasu mayukan nan akwai sinadarin makuri a ciki, mai lalata ƙoda da fata, kuma NAFDAC ta haramta su. Duk mai kanti ya duba kwalayensa kafin ya buɗe gobe da safe.