Sahun 'Yan Babur a Maƙabartar Al Qusais

Da la'asar sakaliya, duk wanda ya ratsa unguwar Al Qusais, a gabashin Dubai daf da iyakar Sharjah, zai ga babura jere a inuwar gine-gine, kowanne goye da akwatinsa: ruwan goro na Talabat, ruwan ɗorawa na Noon. Masu su na zaune a bakin titi, hular kwano a gefe, shayin karak a ƙananan kofunan takarda, ido na kan waya ana jiran oda. Yawancinsu 'yan Pakistan ne da Indiya da Bangaladash da Nepal, sai tsirarun 'yan Afirka. Wanda ya san tashar 'yan acaba a Kano kafin a hana sana'ar a 2013, ko majalisar 'yan kabu-kabu a Maraɗi, ba ya bukatar tafinta kafin ya gane zaman nan.

Zumuncin 'yan babur daban yake. Wanda ya faɗi a titi, kafin motar asibiti ta iso 'yan'uwansa sun kewaye shi. Wanda aljihunsa ya bushe, wani zai zuba masa mai. A watan Mayun 2022 masu kai saƙon Deliveroo, daga baya na Talabat, sun ajiye aiki kan kuɗin da ake biyansu a kowace oda, a ƙasar da doka ba ta yarda da yajin aiki ba. Mutanen da suka iya wannan sun san juna ciki da bai.

To, ko da yake, ba ciki duka ba.

A Al Qusais ɗin nan akwai babbar maƙabarta da ake binne Musulmi, har da baƙi 'yan ci-rani, kuma ba ta da nisa da Sonapur, sansanin leburori na Muhaisnah. Idan hatsari ya ɗauke ɗan babur, abokansa sun san abin yi: karo-karo, wanka, likkafani, sahu. Amma idan aka ce shi ya kashe kansa, sai harshe ya yi nauyi. Wani ya ce ai ya mutu kafiri. Wani ya tambaya a hankali: ya halatta ma a ce Allah ya jiƙansa?

Haramcin ba abin jayayya ba ne. Aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta hana, kuma hadisan gargaɗi a Bukhari da Muslim masu tsanani ne. Akwai kuma hadisin Jabir ɗan Samura, cewa an kawo wa Annabi (SAW) gawar wanda ya kashe kansa, bai sallace shi ba. Nan mutanen majalisa suke tsayawa. Malamai ba su tsaya nan ba. Umar ɗan Abdul'aziz da Auza'i sun ɗauki hadisin a kan zahirinsa, amma Malik da Abu Hanifa da Shafi'i sun ce a yi masa salla. A cikin Mudawwana, wadda malaman ƙasar Hausa suke girmamawa, hukuncin Malik shi ne a yi masa duk abin da ake yi wa mamatan Musulmi. Nawawi ya kawo bayanin cewa janyewar Annabi tsawatarwa ce ga masu rai, sahabbai kuwa sun yi sallar.

Labarin da ya fi dacewa da Al Qusais shi ne na Ɗufailu ɗan Amru, mutumin ƙabilar Dausu, wanda shi ma yana cikin Sahihu Muslim. Ya yi hijira zuwa Madina tare da wani ɗan garinsu. Iskar garin ba ta karɓi abokin ba, ciwo ya kwantar da shi, haƙuri ya ƙare, ya raunata hannuwansa har rai ya yi halinsa. Ɗufailu ya gan shi a mafarki cikin kyakkyawar kama, an gafarta masa saboda hijirarsa, sai dai hannuwan a lulluɓe. Da ya ba Annabi labari, sai Annabi ya roƙa wa hannuwan ma gafara. Baƙo ne a garin da ba nasa ba, ciwo ya ci ƙarfinsa, abokin tafiyarsa kuma bai daina tunaninsa ba har cikin barci. Abin mamaki ne yadda wannan hadisi bai kai na farko yawo a bakin masu wa'azi ba.

Sannan ga batun hankali. Fiƙihu ya ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe, likitoci kuma suna cewa ciwon tsananin damuwa na iya toshe wa mutum tunani har ya daina ganin mafita. Iyakar inda zaɓi ya ƙare ciwo ya fara, ba ɗan majalisar da ke da ma'auninta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 700,000 ne ke mutuwa ta wannan hanya duk shekara. A Nuwambar 2020 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta sanar da sauya dokarta, wanda ya yi yunƙuri a kai shi wurin magani maimakon kurkuku. Ghana ta soke laifin a 2023. A Arewacin Nijeriya kuwa, sashe na 231 na dokar Final Kod ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda. Da wuya a ga yadda tsoron ɗauri zai sa mai ciwo ya buɗe baki.

Abin da ya fi cin abokai bayan an watse daga jana'iza ba fatawa ba ce. Tuni ne: ranar da mamacin ya ce "na gaji" aka amsa masa da "sai haƙuri, kowa da tasa", bashin dillalin biza da yake ambata yana dariya, wayar gida da ya daina ɗauka. Namiji ba ya kuka, haka aka rene su daga Lahore har Funtuwa.

Babur ɗin galibi na kamfanin kwangila ne, don haka ba ya daɗewa a ajiye, wani zai hau. Abin da ke rage wa abokai shi ne kuɗin karo-karo da za a tura gida, da kuma shawarar wanda zai kira mahaifiyar, da ko za a gaya mata gaskiya ko a ce gajeruwar rashin lafiya ce.