Yaushe Baƙo Ke Zama Ɗan Gari?

Duk wanda ya taɓa sauraron dattawan da suka yi zaman Gwanja, a Disina ko Azare, ya san inda hirarsu ke dosa. A da, in ji su, falke kan sauka zangon Kumasi ba mai tambayarsa takarda. Maigida ya ba shi masauki, ya sayar masa da shanunsa, ya nemo masa goro. Kwatsam a 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Ghana. Wasunsu haihuwar can ne, ko hanyar Katagum ba su sani ba.

To, mutumin da ya binne iyayensa a gari, ya aurar da 'ya'yansa a can, har yanzu baƙo ne? Hukuma takarda take dubawa, zuciya kuwa kabari. A ganina shaidar zuciya ta fi ƙarfi, ko da yake ba ta da hatimi. Sai dai kada mu yi gaggawar zargi: a 1983, zamanin Shagari, mu ma mun kori mutanen Ghana, kuma ba kasafai wannan ke shigowa hirar dattawanmu ba.