Mai Kawo Maka Abinci Yana da Suna

Akwai wata ɗabi'a da ta zauna mana a garin nan na Agadas har mun daina ganinta. Mutum zai fito daga sallar Azahar, ƙasar sujada ba ta bar goshinsa ba, carbi na hannunsa, ya shiga gidan abinci a bakin tasha ko gefen kasuwa. Da ya zauna sai ya tafa hannu, ko ya yi fito, ko ya ƙwanƙwasa tebur da cokali. Idan ya buɗe baki, to "Kai! Kai yaro!" ne. Masu jin Faransanci su ce "garso", kalmar da Nasara ya bar mana, ma'anarta kuma yaro ce, ko da wanda ake kira furfura ta cika masa gemu. Harshen da ya gama tasbihi yanzun nan, shi ne yake kiran ɗan Adam kamar ana korar akuya daga rumfa.

Ku dubi masu ɗauko mana farantan nan. Wani daga Damagaram ya zo, wani daga Tawa, da niyyar wucewa haƙar zinariya a Jado bayan an gano ta a 2014, guzuri ya ƙare masa a nan. Wani ɗan Gine ne ko Gambiya da ya nufi Libiya ta hanyar Dirku, dokar hana safarar baƙin haure ta 2015 ta tsare shi, har aka soke ta a ƙarshen 2023 bai tara kuɗin mota ba. Wata mijinta ya rasu ya bar ta da marayu. Kowannensu an yi taro ranar bakwai da haihuwarsa, an yi addu'a, an raɗa masa suna, uwarsa na ɗaki tana murna. Yau yana tsaye tun asuba cikin hayaƙin itace da zafin bazara, ana wuni ba wanda ya furta sunan nan ko sau ɗaya.

Anas ɗan Malik, Allah ya yarda da shi, ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara 10. Shi da bakinsa ya ba da labari cewa a tsawon shekarun nan Annabi bai taɓa yi masa ko tsaki ba, bai taɓa tuhumarsa kan abin da ya yi ko ya bari ba. Yakan kira shi ɗansa, wani lokaci ya ƙanƙanta sunan don so, ya ce Unaisu. A hadisin Abu Huraira da ke cikin Bukhari, an umarci wanda hadiminsa ya kawo masa abinci da ya zaunar da shi su ci tare, in bai yi haka ba ya ba shi loma ɗaya ko biyu, domin shi ya sha zafin wutar. Idan wannan shi ne haƙƙin hadimin gidanka, ina ga wanda ba ka ajiye ba, jika guda kawai ta haɗa ku?

To, da sunansa za a kira shi? A nan sai an yi hankali, domin mu mutanen alkunya ne. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, uwa tana ɓoye sunan ɗan fari, yaro ba ya kama sunan sa'an ubansa gatsal. 'Yan'uwanmu Abzinawa ma haka suke, kunyarsu ta kai namiji ya ja rawani ya rufe baki a gaban surukinsa. Saboda haka idan mai kawo maka tuwo ya girme ka, kiran sunansa tsirara wani rainin ne. Ka ce Baba, ka ce Malam, ka ce Yaya. Dattijuwar da ke tuƙa tukunya Inna ce, ko Hajiya, ko ka kira ta da sunan ɗanta yadda unguwa take yi. Idan sa'anka ne ko ƙanenka, ka yi masa sallama, ka tambayi sunansa, ka riƙe shi. Gobe ka dawo ka ce "Malam wane, ina gajiya?" ka ga yadda fuskarsa za ta sake.

Ga 'yan mata da matan aure masu wannan aiki, ina roƙon samari da magidanta su ji tsoron Allah. Wani yana tambayar sunan yarinya ne don ya sami ƙofar wasan banza, ita kuwa ba ta iya ɗaure fuska saboda kada uwar ɗakinta ta sallame ta. Wannan zalunci ne. Ka ce Malama, ka ce baiwar Allah, ka runtse ido, ka biya, ka tashi.

Mafi muni shi ne kira da ƙabila ko asali: "Kai Buzu," "Kai ɗan Gine," ko a jefi mutum da kalmar da ke tuna masa cewa kakanninsa bayi ne. Ƙasar nan ta mai da bautarwa laifi a doka tun 2003, amma tana nan da ranta a bakunan wasunmu. Aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi, aya ta 13 ta sanar da mu cewa an yi mu ƙabila-ƙabila ne don mu san juna. Abu Zarri, babban sahabi, ya goranta wa wani mutum uwarsa, Annabi ya gaya masa cewa akwai sauran jahiliyya a tare da shi. Abu Zarri ke nan. Ni da kai fa?

Ban tsame kaina ba. Akwai wani matashi da ya yi watanni yana kawo mini shayi da burodi kowace safiya, ban taɓa ce masa komai ba sai "kai". Wata rana na zo ban gan shi ba. Aka ce ya hau mota ya nufi arewa, kuma tun da ya shiga hamadar Tenere ba a ji ɗuriyarsa ba. Na ɗaga hannu a sallar Magariba zan roƙa masa tsari, sai na ga ban san wanda zan ambata ba. Allah ya san shi, na sani, amma kunya ta rufe ni. Na tuna matar nan baƙa da take share masallacin Madina: da Annabi ya daina ganinta sai ya tambaya, aka ce ta rasu an binne ta ba a sanar da shi ba, ya ce a nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata salla. Washegari na koma wurin mai shayin na tambayi sunan yaron. Har yau ina ambatonsa bayan kowace salla, Allah ya mai da shi hannun uwarsa lafiya.