Wane Abubakar Ɗin?

Ɗana, in sunanka Abubakar, ko Garba, ko Habu, ko Buba, ko Bukar irin na mutanen Borno, to matso kusa, da kai nake. In ma ba sunanka ba ne, zauna abinka, ai ba ka rasa wa ko ƙane ko abokin karatu mai amsa shi.

Wata ɗabi'a nake gani a wurin samarinmu da ba ta kwanta mini ba, wato jingina da takwara. Yaro ya ji an ambaci wani babban mutum a rediyo, sai ya bugi ƙirji ya ce "takwarana ne", kamar tare suka yi aikin za a raba musu lada. Magabata sun ce suna linzami ne, kuma ban isa in musa musu ba. Amma linzami bai taɓa kai doki ko'ina ba sai da hannun da ke riƙe da shi.

Ka san inda sunan ya samo asali. Sayyadina Abubakar Siddiƙu, Allah ya ƙara masa yarda, sunansa na yanka Abdullahi, Abubakar ɗin alkunya ce. Ɗan kasuwa ne a Makka, da dukiyarsa ya fanshi Bilal, shi ne abokin tafiyar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ranar hijira. Halifancinsa shekara biyu ne da 'yan watanni, daga 632 zuwa 634, kuma a cikinsu aka fara tattara Alƙur'ani wuri guda bayan yaƙin Yamama ya ci mahaddata da yawa. Duk uban da ya raɗa wa liman wannan suna ranar bakwai, aka yanka rago, aka raba goro, wannan bawan Allah yake hange. Addu'a ya yi maka. Abin da ka yi da ita kuma, wannan tsakaninka ne da Ubangijinka.

Bari in ba ka labarin wasu yara biyu. An haifi ɗaya a Kagara a 1911, ɗayan a ƙasar Bauchi a 1912. Dukansu Abubakar, dukansu sun yi Kwalejin Katsina, dukansu sun fito malaman makaranta. A 1933 Rupert East na Hukumar Talifi ya sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, su biyun kowa ya shiga. Na Kagara ya rubuta Ruwan Bagaja, na Bauchi ya rubuta Shaihu Umar. Ka nemi littattafan nan ka karanta su a jere, za ka ga yadda suna ɗaya da makaranta ɗaya suka fitar da mutum biyu da ba su yi kama ba ko kaɗan. Na farko raha ce da wayo da barkwanci, kana karatu kana dariya kai kaɗai. Na biyu kuwa labarin bauta ne, yaron da aka sace aka ƙetara Sahara da shi, da uwar da ta bi sawunsa tana nema. Wanda ya rubuta shi mutum ne mai nauyin zuciya, kuma haka ya kasance har ƙarshen ransa.

Na Kagaran shi ne Abubakar Imam. Ya ɗan taɓa siyasa daga baya, amma da alƙalami duniya ta san shi. Shi ya rubuta Magana Jari Ce, kuma da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin Janairun 1939, shi ne editanta na Hausa na farko. A 1943 yana cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma da suka je Ingila, tare da Nnamdi Azikiwe. A ganina babu wani mutum guda da ya gyara wa rubutun zube na Hausa hanya kamarsa. Ko ni da nake rubuta maka wannan, a inuwarsa nake zaune.

Na Bauchi shi ne Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ya je karatu Landan a 1945, ya dawo ya shiga majalisa. A watan Agustan 1950 ya miƙe a Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna ya kawo ƙudurin a sake duba tsarin mulkin En'e, ya faɗi ɓarnar da ke ciki a lokacin da talaka ba ya iya ɗaga ido ya dubi hakimi. To wa ke zaune a ƙololuwar wannan tsari a lokacin? Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya hau gadon sarauta a 1938. Ka gani, ga Abubakar mai neman a yi gyara, ga Abubakar mai riƙe da sandar da ake son a gyara. Sunan bai sa sun zama abu ɗaya ba, kowa da nauyin da Allah ya ɗora masa. Malamin makarantar nan ya zama Firaminista a 1957, shi ya karɓi 'yancin Nijeriya ranar 1 ga Oktoba 1960, aka kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966. Kabarinsa na nan a Bauchi, kuma har yau abin da aka fi faɗa a kansa shi ne bai tara abin duniya ba. Sarkin Musulmi kuwa ya kai 1988, shekara 50 cur a kan mulki. Ya ga Turawa, ya ga tafiyarsu, ya ga yaƙin basasa da gwamnatocin soja, kuma da haƙuri da kawaici ake tuna shi.

Ga kuma Shehu Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962, ya yi shekaru yana tafsiri a Masallacin Sultan Bello ana sawa a Rediyon Kaduna, ya fassara ma'anonin Alƙur'ani zuwa Hausa, aka ba shi lambar yabo ta Sarki Faisal a 1987. Matsayinsa a kan ɗariƙu ya raba kan jama'a, har gobe ana muhawara, kuma ba wannan ya zaunar da mu ba. Ga Abubakar Rimi, gwamnan Kano na PRP daga 1979 zuwa 1983, da ya soke haraji da jangali, ya kafa hukumar yaƙi da jahilci. Kai, har a filin ƙwallo akwai naku. Vincent Aboubakar na Kamaru shi ya ci ƙwallon da ta ba ƙasarsa kofin Afirka a kan Masar a 2017. A Ƙatar kuma a 2022 ya sa wa Brazil ƙwallo da ka, murna ta ɗebe shi ya tuɓe riga, alƙalin wasa ya miƙa masa hannu suka gaisa sannan ya ɗaga masa jan kati. Na san wannan ka fi ni saninsa.

Yanzu sai wanda ba a son ambata. Abubakar Sheƙau shi ma an yanka masa rago, shi ma wani uba ya yi masa fatan halin Siddiƙu. Shi ya jagoranci Boko Haram bayan 2009, a ƙarƙashinsa aka sace 'yan matan Chibok a Afrilun 2014, aka ƙone garuruwa, aka mayar da dubban yara marayu, har ya mutu a dajin Sambisa a 2021. In da suna yana yi wa mutum aiki, da wannan bai faru ba. Albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Akwai abin da nake so ka lura da shi a jerin nan. Kusan babu wanda ake kira da Abubakar zalla, sai an haɗa da wani abu, kuma yawanci sunan garinsu ne. Tafawa Ɓalewa gari ne a Bauchi. Gummi gari ne, yanzu yana jihar Zamfara. Rimi ƙauye ne a ƙasar Sumaila. Wa zai san waɗannan wurare a Legas ko Makka ko Landan in ba don 'ya'yansu ba? Su suka ɗauki sunan garin suka kai shi nesa. Sheƙau ma ƙauye ne a jihar Yobe, akwai manoma da tsofaffi da yara da ba su ji ba ba su gani ba, amma ɗa guda ya sa sunan garinsu ya zama abin da ake faɗa a tsorace. Saboda haka, ɗana, kai da kake taƙama da sunan wani, ka sani akwai waɗanda sunansu ke rataye a wuyanka: mahaifinka, unguwarku, garinku. Abin da ka aikata a tasha ko a jami'a ko a ƙasar waje, ba kai kaɗai za a kira ba.

In an mayar maka da sunan kaka ne, shi ya sa a gida ake sakaya shi ana ce maka Abba ko Baffa, to je ka tambayi mahaifinka wane ne mutumin tun mahaifin naka yana da rai. Me yake yi, da me aka san shi, wa ya taimaka, wa ya ɓata wa. Wannan takwaran ya fi kusa da kai a kan na cikin littafin tarihi, kuma yawancin yara ba su san komai a kansa ba sai sunan.

Sai maganar wayar da ke hannunka. Kullum ana turo saƙo a WhatsApp, "Malam Abubakar ya ce", "Shaihi Gumi ya ce". Wanne? Shehu Abubakar Gumi ya rasu tun 1992, ɗansa Dakta Ahmad Gumi shi ne ke magana a yau, kuma kowannensu da bakinsa. Jingina wa mamaci abin da bai faɗa ba zalunci ne, don ba ya nan balle ya kare kansa. Kafin ka tura wa wani, nemi cikakken suna, da inda aka faɗa, da yaushe. In ba ka samu ba, bar shi ya mutu a wayarka.

Kuma don Allah ka tsayar da sunanka guda a takardu. Na sha ganin yaro Garba ne a takardar firamare, Abubakar a ta sakandare, Sadiƙ a banki, a katin ɗan ƙasa kuma an juya sunan uba ya koma gaba. Ranar da aiki ko gurbin karatu ya fito, sai ka same shi yana zarya tsakanin kotu da ofis yana rantsuwa cewa duk shi ɗin ne, ga kuma wasu Abubakar Muhammad da yawa a jerin sunaye ɗaya da shi. Zauna da mahaifinka ku zaɓi yadda za a rubuta, harafi da harafi, da wanda zai zo farko da wanda zai zo ƙarshe, ka je ka gyara sauran tun babu abin da ya taso.