Darasi na Bakwai: Mai Tsaron Gonar Ubangiji

Karatu: Farawa 2:8-15; Kubawar Shari'a 20:19-20

Ƙaunatattu, ku lura: kafin Allah ya sa Adamu cikin gonar Adnin, sai da ya tsiro da itatuwa, ya gudano kogi domin ya shayar da su. Gonar ta Ubangiji ce, mutum kuwa mai tsaro ne.

Haka yake har wa yau. Inda kurmi yake, saiwa takan riƙe ruwan sama ya nutse cikin ƙasa, rijiyoyi su kai rani. Inda aka sare shi domin gawayi, ruwa yakan kwashe ƙasa ya zuba cikin Kogin Chanchaga da madatsar Tagwai, inda mutanen Minna suke samun ruwan sha.

Domin wannan hukuma ta kafa dokar gandun daji tun 1916, daga baya kuma aka keɓe dajin Zugurma a Jihar Neja. Musa ya hana sare itatuwa masu 'ya'ya ko cikin yaƙi, balle fa cikin zaman lafiya.

Tambaya: Ɗan'uwan da yake ciyad da iyalinsa da gawayi, ƙaƙa ikkilisiya za ta taimake shi?

Addu'a: Ya Ubangiji, ka maishe mu amintattun wakilai. Amin.